Wanda Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Shafi na 17

Masu ta tambaya ina Efraín ya shiga, na ga saƙonninku duka, ba share ku na yi ba. Ku gyara zama, yau za ku ji abin da ya kore shi daga gida. Mun tsaya ne inda Dalmira ta sauko daga jirgin Bogotá, compadrenta Wilfrido, wato uban baftismar 'yarta, ya tarye ta da albishir cewa an karɓi fim ɗinta na farko a wani babban bikin fina-finai, ita kuwa ta ce sai ta kalli abin da aka aika da idonta kafin ta yi murna.

*

"Tsayar da shi nan," in ji Dalmira.

Marlenis mai tace fim ba ta tsayar ba. Yatsanta na kan madanni, idonta na kan Wilfrido.

"Marlenis, da ke nake."

Hoton ya daskare a allon kwamfuta. Ruwan la'asar na dukan kwanon ɗakin kamar yadda ya saba a garinsu Quibdó, fanka na juyawa.

Dalmira ta jawo kujerarta gaba. Fim ɗinta ne. Ita ta rubuta shi, ita ta ba da umarni, ta san kowace fitowa a cikinsa kamar yunwar cikinta. A daidai wannan wurin, inda tsohuwar cikin labarin ke mutuwa, abin da ta ɗauka shi ne kwalekwale a tsakiyar kogi, mata zaune a ciki bakinsu a rufe, ba ka jin komai sai filafili yana yanka ruwa.

Yanzu babu kwalekwale. Wani falo ne mai shuɗin bangon katako. Ga tebur lulluɓe da farin ƙyalle, kyandirori a jere, a ƙasansa kuma kofin gilashi cike da ruwa, wanda ake ajiye wa mamaci saboda ƙishi.

Ta san kofin. Bakinsa a ɓantare yake, ita ta ɓantare shi tun tana yarinya.

"Wannan falon Mama ne," ta ce.

"Comadre, ki bari ya kai ƙarshe," in ji Wilfrido. "Kallo ɗaya kawai, sannan mu yi magana."

"Daren tara na Mama ne wannan?"

"Ki dai kalla."

"Compadre, tambaya na yi maka."

Ya shafa ƙeyarsa.

"Asubar daren ne."

Wilfrido Asprilla shi ne mai ɗaukar hoton fim ɗin, shi ne kuma furodusa. Amma kafin duk wannan, shi ne ya riƙe 'yarta Sulay a coci ranar da aka yi mata baftisma. Tun daga ranar ya zama compadrenta, ta zama comadrensa, ainihin sunayensu suka fita daga bakin juna. Tsakanin mutum da compadrensa babu zagi, babu ɗaga murya, babu "ƙarya kake yi". Dalmira ta taso ta tarar da haka, kuma abin bai taɓa yi mata nauyi ba sai yau.

Ta mayar da idonta kan allon.

"Saki, Marlenis."

Muryar Tía Pastora, ƙanwar mahaifiyarta, ita ta fara cika ɗakin. Tana jan alabao, waƙar rakiyar mamaci, mata na amsa mata. Waƙar ƙarshe ce, wadda ake yi in gari ya kusa wayewa a dare na tara, lokacin da ake kwance teburin makoki a sallami mai tafiya. Wani hannu ya shigo cikin hoton yana kashe kyandirori ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka dare gida biyu, maza a dama, mata a hagu, suka bar hanya tun daga tebur har ƙofa. Kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido.

Dalmira ta ga kanta a layin mata. Ɗankwalinta ya zame, bakinta a buɗe, tana irin kukan nan da ba shi da sauti.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne hoton ya yi kyau. Duk daɗewarta a sana'ar nan ba ta taɓa samun haske irin wannan ba, ko da fitilun haya.

Sai dai Dalmira na koyar da harkar fim duk ranar Asabar a ɗakin karatu na unguwa, kuma darasinta na farko bai taɓa canzawa ba: in kun ga hoto, kafin ku ce ya yi kyau, ku tambayi kanku ina mai ɗauka ya tsaya.

Ta dubi layin maza. Ta dubi layin mata. Ta dubi hanyar da aka bari a tsakiya. Hanyar ba ta karkata gefe ba. Miƙe take sambal, ta taso daga tebur ta nufo kyamara.

"Koma baya kaɗan. Nan. Me ya sa ƙasan hoton ya yi duhu haka?"

Marlenis ta saci kallon Wilfrido.

"Wa ya duhunta shi?"

"Ni ce," ta amsa murya ƙasa-ƙasa. "Cewa ya yi hasken wurin yana ɗauke ido."

"Mayar da shi yadda aka ɗauko shi."

Ta mayar. A kan daɓen katako, cikin ɗan hasken asuba da ya shigo daga waje, ga inuwar mutum kwance, doguwa, kai da kafaɗu, ta cike hanyar fam.

"Ina ka tsaya, compadre?"

"Kyamarar 'yar ƙarama ce, tafin hannu ma ya fi ta. A cikin rigar ruwata take, ba wanda ya..."

"Ban tambaye ka girmanta ba. Ina ka tsaya?"

"Babu wani wurin da za a samu layin biyu gaba ɗaya. Ke ma kin sani. Daga taga rabin hoto ne."

"A bakin ƙofa ka tsaya."

Ya kawar da kai.

"Har aka gama waƙar?"

"Har aka gama."

Marlenis ta janye hannunta daga madanni ta ɗora a cinya. Ita ma 'yar kogi ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ta wannan hanyar mamaci ke bi ya fita. In ya zo ya tarar da mutum tsaye, komawa ciki yake yi.

Dalmira ta jingina da kujera. Allon ya ɓace mata. Taron da aka yi da hantsin wannan ranar take gani, a tsakar gidan Mama, Tía Pastora tsaye tana cewa ta ɗan buɗe ido ana tsakiyar waƙa ta ga inuwar namiji a hanya. Aka shiga tambaya wa ba ya cikin layi. Ba wanda ya tuna da Wilfrido, don tun kafin a fara waƙar ƙarshe ya yi sallama ya ce zai je ya ɗan kwanta. Aka tuna da Efraín, ƙanin Dalmira, wanda ya kwana yana kurɓar giyar rake don ƙafafunsa su iya ɗaukarsa. Ya rantse yana bakin kogi yana amai a lokacin. Ya yi kuka kamar yaro. Ba wanda ya yarda da shi, har ita yayarsa.

Tun daga nan Tía ta daina amsa gaisuwarsa. Duk safiyar da ta tashi ta ce ta sake mafarkin 'yar'uwarta tana zagaye falo tana laluben ƙofa, Efraín ake kallo. Da abin ya ishe shi, ya ɗaure kayansa ya hau kwalekwale zuwa ramukan zinariya na can saman kogi, inda mutum ke shiga da safe bai san ko zai fito da yamma ba.

"Kana wurin taron nan," ta ce a hankali.

"Ina wurin."

"Kusa da ni ka zauna. Kai ka miƙo mini ruwa."

"Comadre..."

"Kai ka ɗauki Efraín a babur ka kai shi bakin kogi ranar da zai tafi. Me kuka tattauna a hanya?"

"Na ce masa ya yi haƙuri, abin zai wuce."

"Ka kyauta."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe ya fara kai-kawo a ɗan ɗakin, yana tsallake wayoyi.

"To, bari ni ma in yi magana. Bara mun aika da fim ɗin nan da kwalekwalenki. Me suka ce? Sun ce ya yi kyau, a gwada wani lokaci. Bana na aika da wannan, da kansu suka kira ni. Matar da ke shugabantar masu zaɓe ta ce sai da ta rufe ofis ta yi kuka. Ba ni suka karɓa ba, comadre. Sunanki ne a kai."

"Shi ne abin da ya fi muni."

"Dubi rayuwarki mana. Wasan rediyo da safe. Tallan shinkafa da rana. Bidiyon bikin aure ranar Lahadi. Littafin yara da kike yawo da shi a jaka daga wannan makaranta zuwa waccan. Yanzu kuma Bogotá, kina rubuta wa 'yan wasan talabijin zance, wata attajira ta mari wata attajira, sunan wani ƙato ya fito a allo. Har yaushe? Kin fi su duka, kin kuma sani."

"Ka gama? Ka manta da waƙar tallan maganin tsutsar ciki. Har yau yara na rera ta."

Marlenis ta sunkuyar da kai ta danne baki.

"Ba na jin kunyar ko ɗaya daga ciki," Dalmira ta ci gaba. "A rediyo na koyi yadda ake barin wuri babu sauti mai sauraro ya cika da kansa, shi ya sa na rufe bakin matan nan a kwalekwale. A wurin yara na koyi kada in yi wa mai kallo wayo, don suna ganewa. Bikin aure kuwa ya koya mini abin da kai ka manta. Ko amarya ce ta sha kwalliya tana jiran hoto, kafin in ɗaga kyamara sai na ce, 'In ɗauka?'"

"Da na tambaya da an hana."

"Ai an hana. Kana nan ranar da na durƙusa gaban Mama na roƙe ta ta tara mana mata su rera alabao a fim. Me ta ce?"

"Ta ce ba a rera ta babu gawa."

"Sai me?"

"Sai ta ce ki jira ta mutu ki samu waƙarki." Ya tsaya cak ya nuna ta da tafin hannu. "Da bakinta ta faɗa, comadre. Ga Marlenis nan, tana wurin."

Dalmira ta dube shi.

"Tana kankare kifi tana dariya ta faɗa. A ranar kuma ta ce in ka sake cinye mata ƙanzon shinkafa za ta jefa ka kogi. Shi ma wasiyya ce? In kira masu kwalekwale?"

"Kina mayar da abin wasa."

"Ni ke mayar da shi wasa?"

Ya jawo kujera ya zauna daf da ita, ya sassauta murya.

"Tsakaninki da Allah, ke kin yarda da wannan abin? Ke da kika yi karatu, kika zaga duniya? Mama Bernardina fa muke magana. Matar da tana raye ko soja bai isa ya tare mata hanya ba. Ni ɗan siririn nan ne zan hana ta fita?"

"Ban sani ba."

"To, kin gani."

"Ban sani ba, compadre, kai ma ba ka sani ba. Wanda bai sani ba kuwa matsawa yake yi daga ƙofa. Abin da na sani shi ne Tía ta rame ta lalace. Har yau kowace safiya sai ta cika kofin nan da ruwa. Efraín kuma yana cikin rami."

"Matan nan tsufa suke yi," ya ce. "Sulay ta iya alabao ko ɗaya? Ɗalibanki sun iya? Nan gaba kaɗan, in ba wannan hoton ba, babu abin da zai rage. Ni ma fa ta ciyar da ni, comadre. Tun ba ni da takalmi nake cin abincin gidanta. Ina kuka nake ɗauka. Duba ki ga yadda hoton ke rawa."

Gaskiya ne, hoton na ɗan rawa, ta lura tun ɗazu. Wilfrido da hannunsa ba ya motsi ko a kan kwalekwale yake. Tausayinsa ya fara taɓa ta. Da ya yi shiru a nan, wataƙila da labarin ya canza.

Sai ya ƙara magana.

"Kuma na riga na samo mafita. Fim biyu za mu yi. Wanda muka yi wa mutanen gari alkawarin haskawa a bakin kogi, mu sa masa kwalekwale. Wanda zai fita waje, mu sa masa wannan. Tía ba ta zuwa bikin fina-finai. Ba wanda zai sani."

"Na gida daban, na baƙi daban."

"Haka kowa ke yi."

"Baƙi su zauna a kujera mai laushi su kalli uwata tana neman hanyar fita, su yi tafi. Mutanen gida kuma su ci gaba da tsaki in an ambaci ƙanina."

"Ban ce haka ba."

"To a wannan shirin naka, yaushe Efraín zai dawo? Wace fitowa ce tasa? Nuna mini, ni ban gan ta a rubuce ba."

Ya koma kallon allon.

"Kuma ni fa?" ta ce. "Ka tambaye ni kafin ka aika wa mutanen da ban sani ba fuskata a ranar nan? Ko mijina bai taɓa ganina a haka ba. Ka sa sunana a sama, ka sa kukana a ƙasa, ka zo filin jirgi kana yi mini barka."

"Na so in ba ki mamaki ne."

"Ka ba ni."

Ta juya ga Marlenis.

"Cire shi. Mayar da kwalekwale."

"In aka cire sun fasa," Wilfrido ya ce da sauri. "Sun faɗa mini ƙarara, abin da suka gani shi za su haska. In muka janye yanzu ba za su sake buɗe saƙonmu ba, kin san halinsu. Sai ki koma Bogotá ki ci gaba da rubuta mari har ki tsufa."

Maganar ta shige ta, don ba ƙarya a ciki. Guntu-guntu ta tara fim ɗin nan, tsakanin wannan aiki da wancan, a hutun da wasu ke kai 'ya'yansu bakin teku. Sa'o'inta da suka fara tare, wasu sun haura, wasu sun haƙura sun kama sayar da waya. Ita kaɗai ta rage a tsakiya, hannu a nan, ƙafa a can. Ta san irin wannan kiran ba ya zuwa wa mace daga lardinsu na Chocó sau biyu.

Wilfrido ya ɗauka ta fara saukowa.

"Ki sake kallo sau ɗaya," ya ce. "Da idon darakta, ba idon 'ya ba. In kin kalla kin ce a cire, ni da hannuna zan cire."

Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Marlenis ya mayar da hoton farko, ya danna, ya murɗa sauti har ƙarshe.

Muryar Tía Pastora ta sake tashi, ta danne ƙarar ruwan sama. Shi ya sa ba wanda ya ji takun da ke hawowa matakala, ba kuma wanda ya ji an turo ƙofa.

"Wa ya mutu?"

Su uku suka juya.

Tía Pastora ce da kanta, lema na ɗiga a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kwanon abinci ɗaure da ƙyalle. Ta ji Dalmira ta sauka, ta san ba za ta tuna da ci ba, shi ne ta soyo kifi da agade ta hawo babur cikin ruwan nan. Baƙar rigarta ta makoki ta yi mata yawa, kamar aro ta yi.

"Na ce wa ya mutu a gidan nan ake rera wannan?"

Marlenis ta kai hannu za ta kashe.

"Bar shi," in ji tsohuwar. "Muryata ce ai, na gane ta. Ba a katse ta a tsakiya."

Ta shigo, ta ajiye kwanon a kan wata kujera, ta matso gaban allon. Dalmira ta miƙe ta ba ta wuri, amma tsohuwar ba ta zauna ba. A tsaye ta kalla, leɓɓanta na bin waƙar ba sauti. Ta ga an kashe kyandirori. Ta ga an dare gida biyu. Ta ga kanta. Da waƙar ta ƙare hoton ya tsaya, ƙasansa na nan da haskensa yadda Marlenis ta mayar da shi.

Tía ta miƙa yatsa ta taɓa allon, daidai kan inuwar.

"Ita ce. Ita na gani."

Ta ƙara matsawa kusa da allon.

"Wannan abin, daga inda inuwar take aka ɗauke shi, ko ba haka ba? Ni ban yi makaranta ba, amma in na leƙa tukunya na san ta sama na leƙa."

"Haka ne, Tía," in ji Dalmira.

"Efraín ba shi da injin hoto."

"Ba shi da shi."

"Kafaɗunsa ma ba haka suke ba." Ta auna inuwar da ido. "Na reni yaron nan. Yaya aka yi ban gane ba?"

Ta juya a hankali. Ta dubi Wilfrido daga wuya zuwa kafaɗa, ta sake duban allon.

"Ɗana, kai ne?"

Dalmira ta kafe shi da ido. A ranta roƙonsa take yi. Ya faɗa kawai, ya durƙusa ya faɗa. In ya faɗa, za ta durƙusa kusa da shi ta taya shi neman gafara, su tafi tare saman kogi su dawo da Efraín, a sake tara mata a sake buɗe ƙofa. Ta yi wannan alkawarin a zuciyarta, da gaske kuma take.

Wilfrido ya lashi leɓe. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa.

"Tía, ni mai kyamara ne kawai," ya ce. "Inda darakta ta ce in tsaya, nan nake tsayawa. Fim ɗin comadre ne. In aka mayar da shi farko za ki ga sunanta."

Dalmira ta ja baya. Ta dafa tebur.

Tía ba ta dube ta ba tukuna. Ta juya ga Marlenis.

"Ke 'yar gidan Rentería, na san kakarki, ba ta ƙarya. Haka ne?"

Hawaye ya cika idon Marlenis.

"Ni dai ranar da ya kawo mini hoton, ce mini ya yi ta sani. Iyakar abin da na ji ke nan, Tía."

Sai a lokacin tsohuwar ta juyo. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Na tuna ranar da kika durƙusa kina roƙon waƙar nan," ta ce. "Na tuna yadda kika fita ranki a ɓace, ko kifin ba ki tsaya ci ba."

"Tía, ni..."

"Dakata, 'yata. Yi tunani kafin ki buɗe baki. Mutumin nan ya riƙe Sulay a gaban Allah, ni na riƙe kyandir a ranar. A danginmu ba a taɓa samun wadda ta dubi compadrenta ta ƙaryata shi ba. In kika yi, kin tsinke abin da aka ƙulla a coci, yarinyar ta rasa shi, ku kuma ba ku ba zama a tebur ɗaya har ku mutu. In kuwa gaskiya ya faɗa, to ke kika sa aka tare wa uwarki hanya, kika kuma zuba ido na kori ɗan 'yar'uwata zuwa rami."

Ta gyara riƙon lemar.

"Ɗaya daga ciki za ki faɗa mini. Ina jin ki."

A bayan tsohuwar, Wilfrido ya haɗa tafukansa a ƙirji. Yana girgiza kai a hankali, idonsa na nuna mata allon, yana tuna mata duk abin da za ta rasa.

Ruwan sama ya tsagaita. Ƙanshin kifi ya cika ɗakin.

Dalmira ta saki teburin ta tsaya da ƙafarta. Ba ta dubi Tía ba. Ta dubi mutumin da ya riƙe mata 'ya, ta buɗe baki, abin da ya fito kuwa shi ne sunan da ba ta sake kira ba tun ranar da aka zuba wa Sulay ruwa a ka.

"Wilfrido."

Lemar ta suɓuce daga hannun Tía Pastora.